Gubar Dalma: Abin Da Tsiro Zai Iya Yi Wa Ƙasarmu Da Abin Da Ba Zai Iya Ba



Kwanakin nan akwai wata magana da ke ta yawo a zaurukanmu na WhatsApp da Facebook, wai masana sun gano tsirrai masu tsotse guba daga cikin ƙasa, saboda haka matsalar gubar dalma da ta addabi ƙauyukan masu haƙar zinare ta zo ƙarshe. A raba iri, a shuka, shi ke nan an huta. Wasu daga cikinmu har sun fara cewa a miƙa wa shugabanni su sa a cikin alkawuran zaɓe. Niyyar mai kyau ce, ilimin kuma na gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Sai dai in muka ɗauki maganar a yadda take yawo, za mu ba wa 'yan kwangila sabuwar hanyar cin kuɗi, yara kuma su ci gaba da wasa a cikin ƙurar da ke kashe su. Ra'ayina shi ne mu goyi bayan amfani da tsirrai, amma a wurin da suke da amfani, kuma mu ƙi yarda a kafa hujja da su a guje wa babban aikin da ya rataya a wuyan hukuma.

Bari mu fara da tuna abin da ya faru, don da yawa daga cikin ƙannenmu da ke wannan shafi suna firamare a lokacin.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura cewa ƙananan yara na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma. A ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru. Da aka gwada jini sai aka ga dalma ce. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutane suka dinga kwaso duwatsu daga ramuka suna kai wa cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙa, ana shanyawa a tsakar gida. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi ɗakuna, ta bi tabarmi, ta bi kwanukan abinci da bakin rijiya. Yaron da ke rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan. Kafin yara su fara mutuwa, agwagin ƙauyukan ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya san gargaɗi ne.

Yara aƙalla 400 ne suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da hukumomin lafiya na nan gida a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin shekara guda, kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu. Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega: sunayen nan bai kamata wani ɗan siyasa a Arewa ya manta da su ba. A wasu wuraren an sami dalma fiye da miligiram 100,000 a kowane kilo na ƙasa, alhali a lokacin ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a inda yara ke wasa miligiram 400 ne. Waɗanda suka rayu kuma, da yawansu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, irin lahanin da ba ya gyaruwa. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu.

To yaya aka yi aka tsayar da mace-macen? Ba da shuka ba. Da shebur da kwando da baro aka yi. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan gwamnatin jiha da mutanen ƙauyukan, suka bi gida gida suna kankare saman ƙasar da ta gurɓata, a zuba a buhu, a kai a binne a ramin da aka tanada nesa da gari, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Likitoci sun dage a kan cewa sai an yi wannan kafin a fara ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, don ba amfanin a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. Bagega ta jira har 2013, bayan an yi ta jan ƙafa wajen sakin kuɗi, sai da matasa suka taso gwamnatin tarayya a gaba da gangamin ceto Bagega a intanet. Ku riƙe wannan: matasa irinmu ne suka yi surutun da ya sa aka saki kuɗin.

Yanzu mu zo kan tsirran. Aiki iri uku suke yi, kuma rikita su ne ke jawo ruɗani.

Akwai tsotsa. Wasu tsirrai saiwarsu na jawo ƙarfe daga ƙasa ta tura shi sama zuwa ganye da kara, in aka yanke aka kwashe, an rage wa ƙasar guba. Wani masanin aikin gona na Amurka, Rufus Chaney, shi ya kawo shawarar yin amfani da wannan baiwar wajen gyaran ƙasa tun a 1983. A 2001 masu bincike a Jami'ar Florida, ƙarƙashin jagorancin Lena Ma, suka bayyana cewa wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu, Pteris vittata, yana tara sinadarin asenik mai yawan gaske a ganyensa. A tsibirin New Caledonia akwai bishiyar da ƙaronta shuɗi-shuɗi ne saboda yawan ƙarfen nikel da ke ciki. A ƙasar Albaniya manoma na shuka wani tsiro, su ƙone shi, a fitar da nikel daga tokar a sayar. Duk wannan gaskiya ne.

Akwai ɗaurewa. Nan tsiron ba ya fitar da gubar, riƙe ta yake yi a inda take. Saiwa ta kama ƙasa, ganye ya rufe ta, iska ba ta tashi da ƙurar, ruwan sama ba ya kwasarta zuwa fadama da rafi.

Akwai kuma tacewa, inda tsirran ruwa irin su kachalla da kainuwa ke rage ƙazantar gurɓataccen ruwa in aka bi da shi ta cikinsu a hankali.

Masu yaɗa maganar nan na farkon suke nufi, wato tsotsa. Matsalar ita ce dalma na cikin ƙarafan da suka fi taurin kai. Cikin tsirrai kimanin 700 da aka sani da baiwar tara ƙarfe, mafi yawansu na nikel ne, na dalma 'yan ƙalilan ne. Dalma na manne wa ƙasa, ba ta narkewa cikin sauƙi, ɗan abin da tsiro ya ja kuma yawanci a saiwa yake tsayawa, ba ya hawa ganye. Sannan ku sani, ƙarfe ba ya ruɓewa. Ɗanyen man da ya malala a ƙasar Ogoni, ƙwayoyin halitta na iya cinye shi a hankali har ya ƙare. Dalma kuwa ko shekara dubu za ta yi, dalma ce. Abin da kawai ɗan Adam zai iya shi ne ya ɗauke ta daga wani wuri zuwa wani, ko ya ɗaure ta.

Bari mu yi lissafi tare, irin wanda kowa zai iya yi a bayan takarda. Ɗauki hekta ɗaya. Saman ƙasarta mai zurfin santimita 15 zai kai nauyin tan 2,000. Mu ce akwai dalma miligiram 1,000 a kowane kilo, wanda ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka gani a wuraren niƙan dutse a Zamfara. Ke nan akwai dalma kilo 2,000 a wannan hekta. Don a sauko da ita zuwa 400, sai an fitar da kilo 1,200. Mu yi wa tsiron kara, mu ce yana ba da busasshen ganye da kara tan 10 a shekara, kuma kowane kilo nasa ya ɗauki dalma miligiram 1,000, abin da ba kasafai ake samu ba. Kilo 10 ke nan a shekara. Raba 1,200 da 10. Shekara 120. Ko da za a yi noman rani a girbe sau biyu, shekara 60 ce. Jama'a, yaron da ke rarrafe yau ba shi da shekara 60 na jira, ko wata shida ba shi da shi.

Wani zai ce ai akwai sinadarin da ake zubawa ya narkar da dalmar don tsiro ya sha da sauri. Akwai, sunansa EDTA, an gwada shi da tsiron mastad na Indiya a Amurka. Amma abin da ya narke ba duka tsiro ke sha ba, ragowar sai ta bi ruwa ta gangara ƙasa. A ƙauyen da kowa daga rijiya yake sha, wannan an gudu ne ba a tsira ba. Haka zancen furen sanfulawa da ake ta nuna hotunansa. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011, mutanen Japan sun shuka shi da yawa da fatan ya tsotse gubar, amma gwajin ma'aikatar gonarsu ya nuna abin da ya tsotsa bai taka kara ya karya ba, kankare saman ƙasa shi ya yi aiki. In ƙasa mai kuɗi da ilimi kamar Japan ta koma ga shebur, to mu kada a ruɗe mu da hoton fure.

Akwai kuma wani haɗarin da masu rubutu daga waje ba za su hango ba, sai mu da muka san yadda ake rayuwa a karkara. A wurinmu babu tsiron da ake bari ya tafi a banza. Ganye na awaki ne da tumaki. Kara na murhu ne da danni. Ciyawa ta zana ce da jinka. Tokar ma ba a zubarwa, iyayenmu mata na tace ta su yi ruwan toka na miya. To tsiron da ya sha guba, shi kansa guba ne. In ka ƙone shi ƙarfen ba ya ƙonewa, taruwa yake yi a cikin tokar, wani kuma ya bi hayaƙi. Ka shuka rama a gurɓatacciyar ƙasa don ta tsotsi ƙarfe, ka tafi birni ka rubuta rahoto, da yamma wata baiwar Allah ta tsinko ta yi wa yaranta kwaɗo. Akuya ta ci, a sha nononta, a ci hantarta da ƙodarta. Ka ɗauko gubar daga ƙasa da hannunka ka zuba a tukunya ke nan. Duk shirin da bai faɗi wa zai yi shinge, wa zai yi gadi a watan Afrilu lokacin da babu ɗanyen haki ko'ina sai a wannan fili, da inda za a kai abin da aka yanka ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa tsirrai ba su da amfani. Suna da shi, babba ma, a aiki na biyu da na uku.

Bayan an kankare tsakar gidaje, akwai wuraren da shebur ba zai iya gamawa da su ba: tsofaffin filayen niƙa a bayan gari, tulin dutsen da aka wanke aka watsar, bakin kududdufan da ake wankin zinare, da gefen ramukan haƙa. Nan ne iskar hunturu ke ɗibar ƙura ta mayar cikin gari, nan ne kuma ruwan damina ke wanko guba zuwa gonaki. Irin waɗannan wurare rufe su ake so a yi da ciyawa mai juriya. Kuma ba sai mun je wata ƙasa neman iri ba. Jema, wadda kakanninmu suka sani a bakin fadama, 'yar uwa ce ga ciyawar da ake amfani da ita a ƙasashe irin su Ostireliya da Sin wajen ɗaure sharar ma'adinai. Saiwar wannan dangi na nutsawa ƙasa har mita uku, tana jure fari da ambaliya, kuma yawancin dalmar da ta ja a saiwa take ajiyewa. In aka dasa ta layi-layi a kan gangare, takan zama katangar da ke tare laka. In aka haɗa da taki da sinadarin fosfet, wanda ke kama dalma ya mai da ita wani nau'in da ba ya narkewa da sauƙi, an rage haɗarin sosai. Aiki ne mai araha, kuma matasan ƙauye za su iya yinsa da hannunsu in an koya musu.

Haka a Kano. Kowa ya san ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima na Challawa da Sharada da Bompai, da sinadarin kuromiyam da ake jima da shi, ya kuma san ana ban ruwan alayyafo da latas da ruwan Jakara da na Challawa. Ganyayen miya na cikin masu saurin ɗaukar ƙarfe. A nan tafkunan tacewa masu kachalla za su taimaka, amma a matsayin mataki na ƙarshe, bayan masana'anta ta tace ruwanta kamar yadda doka ta ce. Kachalla ba za ta ɗauke wa mai kamfani nauyinsa ba.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa? Saboda haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa a Zamfara a watan Afrilun 2019 an ɗage shi a Disambar 2024. MSF kuma ta miƙa aikin kula da masu gubar dalma ga hukumomin jiha a 2022. Zinare ya ƙara tsada, talauci bai ragu ba, mutumin da gonarsa ta gagare shi saboda 'yan bindiga rami zai koma. Ba zan zarge shi ba, neman abin da zai ciyar da iyali yake. Amma duk buhun dutsen da ya sake shiga cikin gida yana mayar da hannun agogo baya ne zuwa 2010.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu matasa mu riƙe, mu kuma nema daga duk wanda zai zo neman ƙuri'armu, namu ne ko na wani.

Na farko, a auna kafin a shuka. Akwai na'urar hannu da ke nuna yawan dalmar ƙasa nan take, da ita aka yi aiki a 2010. Kowace jiha mai haƙar zinare ta mallaki nata, a horar da ma'aikata, a fitar da taswirar wuraren da suka gurɓata, a manna a fadar hakimi kowa ya gani.

Na biyu, inda yara ke kwana da wasa, wato gidaje, makarantun boko da na allo da bakin rijiyoyi, kankarewa za a yi a sauya ƙasa. Babu ciniki a nan.

Na uku, a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, a keɓe masa wuri, a riƙa niƙa da ruwa don kashe ƙura, a tanadi wurin wanka da sauya tufafi kafin mutum ya koma cikin iyalinsa. An gwada wannan a Zamfara da Neja, kuma ya rage gubar a jinin masu aikin.

Na huɗu, a yi amfani da tsirrai wajen rufe sharar ma'adinai da bakin kududdufai, da irin da ba a ci, da shinge, da masu gadi 'yan garin da ake biya duk wata, da ramin da za a binne abin da aka yanka. A sa sarakuna, limamai, shugabannin mata da ardo-ardon Fulani a ciki tun daga farko, domin su ne za su gaya wa jama'a cewa wannan ciyawar ba ta dabba ba ce.

Na biyar, a ba jami'o'inmu aikin. Jami'ar Tarayya ta Gusau, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Jami'ar Bayero da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suna da malamai da ɗaliban da za su iya gwada jema, bini-da-zugu da zurman a kan ainihin ƙasarmu, a fili ba a cikin tukunyar gwaji kawai ba, su gaya mana wanne ke jurewa da kuma nawa yake kai wa ganye.

Na shida, kuɗi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun kare muhalli da gyara wuraren da aka yi haƙa, ga kuma asusun kula da muhalli da jihohi ke samun kaso daga ciki. Ma'adinai na hannun tarayya, ƙasa na hannun gwamna, shi ya sa kowa ke tura wa ɗan uwansa. Mu nemi a rubuta wannan aiki ɓaro-ɓaro a kasafin kuɗi, da sunan ƙauye da adadin kuɗi, yadda za mu iya bibiya.

Na san bikin dashen itace ya fi daɗin hoto. A kafa rumfa, a zo da jiniya, mai girma ya tsuguna ya dasa guda ɗaya, a tafa, bayan wata biyu awaki sun gama da sauran. Gwajin jinin yara ba ya jawo tafi, kwasar ƙasa a baro ba ta shiga labarai. Amma mu da muke cewa muna son siyasa ta sauya, a irin wannan wuri ne za a gane ko da gaske muke.

Don haka duk ranar da wani ya zo muku da alkawarin wanke ƙasa da tsirrai, ku karɓe shi hannu bibbiyu, sannan ku yi masa tambaya uku. Ka auna ƙasar, nawa ka samu? Shekara nawa aikin zai ɗauka? In an yanke tsiron, ina za a kai shi? In ya amsa, mu mara masa baya ko daga wane ɓangare yake. In ya fara kame-kame, kun san abin da ya kawo shi.

'Yan uwa na Anka, Bukkuyum, Maru da Rafi, ku da kuke ganin abin da idonku, ku faɗa mana halin da ake ciki yanzu a garuruwanku, ko har yanzu ana niƙa a cikin gida, ko ana gwada jinin yara. Sauran kuma ku tura wa wakilanku na majalisa wannan rubutu.

Allah Ya kare mana yaranmu, Ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da suka ɗauka. Amin.